Tazarar Mai Ƙwai

A shekarun da na yi ina karatu nesa da gida, tseren keke na ƙwararru yakan ratsa garin da nake sau ɗaya a shekara. Nakan tsaya awa biyu a bakin titi don in ga abin da ba ya wuce minti ɗaya: mahaya fiye da ɗari a dunƙule, taya na shinshinar taya, motoci na biye da su ɗauke da kekunan canji. Da na dawo sai na yanke wa kaina cewa wannan wasa ba namu ba ne. Yana son kwalta mai santsi, da keke mai tsada, da mutumin da aiki ba ya jiransa gobe da safe. Shi ya sa da aka ce min mai kawo ƙwai shagon da ke ƙasan ofishinmu ɗan tsere ne, ban yarda ba. Da aka ƙara da cewa shekara goma sha takwas yana wannan aiki bai taɓa fasa ko ɗaya ba, sai na ce ƙaryar ta zama biyu.

Lallaɓa ake ce masa, sunan kuma aikinsa ne ya ba shi. Kullum da sassafe yana gonar kaji da ke bayan gari da baƙin kekensa mai nauyin jaki. Kiret takwas na ƙwai yake jerawa a kariyar bayan keken, ya sa kwali tsakaninsu, ya ɗaure da tsohuwar robar taya, ya girgiza sau biyu ya ji ko akwai mai motsi. Daga nan sai shaguna goma sha ɗaya. Dokarsa guda ce tak: kada ka kusanci abin da ke gabanka. Mota ce, babur ne, ko mai tura baro, sai ya bar tazarar keke uku, yatsu biyu kuma ba sa barin birki. Wanda ke gabanka bai san ƙwai ka ɗauko ba.

A kan keke kaɗai yake da wannan natsuwar. Da ya sauka sai ya zama wani mutum. Ba ya iya gama shayi a zaune. Ƙafarsa ta dama kullum tana rawa a ƙarƙashin tebur, har matarsa takan ɗora mata hannu kamar mai lallashin kyanwa.

Wata Lahadi yana hawan gada da kayansa sai wani abu ya wuce shi, shuuu, kamar an yaga ƙyalle. Mutum biyar ne a jere kan siraran kekuna, kowa ya duƙa. Kafin ya kai tsakiyar gadar sun zama ɗigo. Ya raba ƙwan ranar bai san yadda ya raba ba. Da yamma ya tsaya a rumfar Baba Sifana, mai gyaran keken da ke yi masa faci tun yana saurayi.

"Baba, su wane ne masu gudun nan na kan gada?"

"Yarana ne," in ji tsohon, bai ɗago daga sarƙar da yake wankewa ba. "Me ya faru, sun fasa maka ƙwai?"

"Ni ne nake so in bi su."

Baba Sifana ya ɗago ya dube shi daga kai har ƙafa, ya daɗe a kan sharaɓa. Shi kansa ya yi tsere a ƙuruciyarsa, kafaɗarsa ta hagu da ta karkace ita ce shaidar.

"Shekarunka nawa?"

"Arba'in da ɗaya."

"To. Ba a hana tsoho rawa, ƙugunsa ne ke hana shi. Ka dawo bayan sati biyu."

Daga tarkacen rumfar ya harhaɗa masa keke: jiki na wani, tayoyi na wani, ƙahon tuƙin nan mai lanƙwasa kuwa daga keken da tsohon da kansa ya faɗi da shi. Ya sa Lallaɓa ya hau, ya ɗaga sirdi har sai da ƙafarsa ta kusa miƙewa a ƙasan feda. Ya miƙa masa hular kwano ya ce ba ta, ba hawa. Ranar da Lallaɓa ya fara taka shi sai da ya waiwaya, don ji ya yi kamar an sace rabin keken.

Ƙarfi dai akwai. Ƙafar da ta shekara goma sha takwas tana hawan gada da kiret takwas ba ta jin tudu. Matsalar a shimfiɗaɗɗen titi take. Da ayari ya jeru, kowa ya manne wa tayar na gabansa, sai Lallaɓa ya ja baya keke uku, yatsunsa a birki. Daga keke uku sai ta zama goma. Kafin a yi kilomita talatin yana can baya shi kaɗai, yana kokawa da iska, bakinsa a buɗe.

Baba Sifana, wanda ke bin su a babur, ya tsayar da shi a gefen titi.

"Ka san me ya sa suke jeruwa? Na gaba ne ke fasa iska. Na bayansa yana shiga inuwarsa ya huta, kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar an ɗauke masa. In na gaban ya gaji sai ya koma baya, wani ya karɓa. Ƙwararrun da kake gani a talabijin ba ƙafa suka fi ka ba kawai, sun iya fakewa. Taƙi ɗaya tsakaninka da taya, ba ƙari."

"In ya taka birki fa?"

"Ba zai taka ba."

"Baba, kowa yana taka birki."

Dogo, ma'aikacin banki wanda shi ne ya fi kowa gudu a ƙungiyar, ya juyo da kekensa yana dariya.

"Kawu, wannan filin da kake bari, gida za ka gina a ciki? Ka faɗa mana mu kawo bulo."

"Kai dai ja gaba, ɗan nan. Ranar da ka haifi wanda zai ɗauki kiret biyu sai mu yi magana."

Wata uku ana haka. Sai aka sanar da babban tseren shekara, kilomita casa'in, kowace ƙungiya mutum shida. Biyar an san su. Baba Sifana ya tara su a rumfa ya faɗi maganarsa a fili: ranar Lahadi za a yi gwaji, kilomita sittin, a ƙare a kan gada. In Lallaɓa ya iso gadar a cikin ayari, lamba ta shida tasa ce. In ya iso shi kaɗai, su biyar za su tafi.

"Gara a bar gurbin ba kowa?" in ji Lallaɓa.

"Gara. Mai barin tazara ba kansa kaɗai yake kashewa ba. Duk wanda ke bayansa ya yanke shi daga ayari."

Lallaɓa bai yi musu ba. Gwiwarsa ta hagu ta fara yi masa magana idan ya tashi da safe, bai gaya wa kowa ba, amma ya san baɗi ba lallai ta yarda ba.

A satin nan gidan bai huta ba. Ɗaki biyu ne da baranda, keken tseren kuma a falo yake kwana, jingine da firij. Ya goge sarƙa, ya sake gogewa. Ya zauna, ya tashi, ya matsa taya da babban yatsa, ya leƙa taga.

"Maigida, ko dai ka zauna ko ka fita," in ji matarsa, tana ninke kayan makarantar yara. "Tabarmar nan ta gaji da kai."

"Taƙi ɗaya fa suke so."

"Kai da ko a layin asibiti sai ka bar wa na gabanka wurin shanya? Jiya na gan ka daga baranda. Ka hau wannan siririn, ka kai hannu baya kana laluben roba. Me kake ɗaurewa a can?"

Ya tsaya. Bai san yana yi ba.

"Ranar Lahadi babu ƙwai a bayanka," ta ce. "Kai kaɗai ne, kai kuma ai ka dahu."

Lahadi ta zo da iska daga gaba. Kilomita ashirin na farko ya cije ya riƙe tazarar keke ɗaya, idonsa kafe a kan baƙar tayar da ke juyawa a gabansa. Duk sanda ta ɗan karkata sai yatsunsa su matse birki. Kowace matsa tana sayar da taku biyu. A kilomita talatin da biyar tazarar ta koma keke uku, ta koma biyar. Ya ji ƙarar babur ɗin Baba Sifana a gefensa. Tsohon ya dube shi kawai ya wuce.

Sai hanya ta karya kwana wajen injin katako, ta faɗa titin gonar kaji.

Kilomita huɗu ne na fasasshiyar kwalta, ramuka kamar an yi ɓarin tukwane. Ayarin ya watse nan take. Wannan ya kauce hagu, wancan ya miƙe tsaye kan feda, wani ya faɗa rami har gorar ruwansa ta yi tsalle. Lallaɓa kuwa sai ya ji kafaɗunsa sun sauka. Nan ne ofishinsa. Ya san ramin da ke bayan turken lantarki, ya san inda kwalta ta bar wani siririn zare a gefen dama, ya san wurin da ake tsallakawa tsakiya kafin kwalbati. Bai rage gudu ba. Ya wuce na biyar, ya wuce na huɗu, kekensa na tafiya kamar a kan tebur.

"Ku bi Kawu," Dogo ya ɗaga murya. "Kowa ya bi tayarsa."

Lallaɓa ya ji su sun jeru a bayansa. Ya ji numfashin Dogo dab da shi, kusa ƙwarai, kusancin da shi bai taɓa yi wa kowa ba. Ya ɗauke su kamar yadda yake ɗaukar kaya: ba birki, ba fizga, yana nuna kowane rami da yatsa kafin a iso shi. Mutum biyar suka biyo shi suka fita daga titin nan ba wanda tayarsa ta yi faci.

Da kwalta ta dawo daidai, iska ta sake dukan ƙirjinsa, ƙafafunsa suka fara nauyi. Saura kilomita goma sha biyar. Dogo ya zo gefensa, yana haki.

"Kawu, ka yi naka. Koma bayana."

"Je ka, zan biyo."

"Ba wannan biyowar ba. Yanzu na ba ka wuyana kilomita huɗu, ban san ramin ko ɗaya ba. Kai ba za ka ba ni naka ba?"

Dogo ya shige gaba. Tayar nan ta sake bayyana, baƙa, tana juyawa. Lallaɓa ya dube ta, yatsunsa biyu a kan birki. Sai ya tuna a titin gona bai kalli ƙasan hancinsa ko sau ɗaya ba. Da ƙwai ma ba ya kallon abin da ke kusa, can gaba yake karantawa. Ya ɗaga ido ta saman kafaɗar Dogo, ya ga titin a shimfiɗe, ba abin da zai sa mutum ya taka birki. Ya janye yatsu biyun ya naɗe su a ƙaho. Ya matsa. Ya ƙara matsawa.

Iskar ta ɗauke kamar an rufe ƙofa. Feda ta yi sauƙi har ya ji haushin watanni ukun da ya yi yana wahalar banza.

Baba Sifana yana tsaye a kan gada ya jingina da babur. Suka wuce shi su shida a dunƙule. Da suka juyo, ya zaro lamba daga aljihu da allurai huɗu, ya miƙa wa Lallaɓa.

"Taƙi biyu ne, na gani," ya ce. "Amma na karɓa."

A babban tseren Dogo ya zo na huɗu. Lallaɓa ya ja shi har kilomita saba'in kafin ƙafarsa ta ƙare, ya shigo can cikin na baya, lambarsa a jiƙe. Tana nan manne a jikin firij.

Na same shi wata safiya a ƙofar shagon ƙasan ofishinmu yana kwance roba, ƙafarsa ɗaya na rawa a kan dakali. Ƙarya ta farko dai na riga na janye ta. Saura ta biyu. Na tambaye shi tsakani da Allah, a shekara goma sha takwas ƙwai nawa ya fasa.

"Goma sha ɗaya," ya ce, yana sauke kiret. "Duk rana ɗaya, Litinin ɗin da ta biyo bayan gwajin. Na manta wane keke nake kai, na manne wa motar burodi."