Kada Ka Bar Kututture

Wata Laraba ce bayan la'asar, a shekarar da na shiga aji uku na sakandare. Inna tana bakin murhun banda tana juya kifi, kwamfutar Yaya Bashir kuma tana kan tabarma a buɗe, babu mai taɓa ta. Can sai allon ya yi duhu, ya sake haske, sai ga fuskar Yaya ta cika shi yana washe haƙora. Inna ta saki tiren kifin a ƙasa. Lokacin ba a daɗe da sadakar arba'in ɗinsa ba.

Yaya ne ɗan farinta, shi ya sa ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai "yaron nan". Shi ya zo mana da kwamfutar daga makaranta, da gem ɗin ƙwallo a ciki. In mun gama ɗinkin komar kamun kifi, mun ɗebo ruwa, mun faskara itacen banda, sai mu kai ta caji bakin tasha, mu dawo mu baje ƙarƙashin mangwaro. Ya ɗauki hoton kansa ya manna wa ɗan wasan gaba, don in ya ci ni ya yi mini dariya a allo, ya kuma yi mini a tabarma. Yakan ce ina danna maɓalli kamar kaza ta samu dawa. Ranar wata kasuwar Warra jirgin ruwan da ya shiga ya daki kututture ya kife, Yaya bai fito da rai ba. Dā ma Kaka ya sha faɗa mana cewa lokacin da aka tashe su saboda ruwan Kainji, "an kwashe mutane, an bar itatuwa tsaye", suna nan ƙarƙashin ruwa suna yaga koma.

Da aka ce Zainab, yayata, za ta tafi makaranta da kwamfutar, Inna ta sa na cire gem ɗin, don ko kiɗan farkonsa ba ta iya ji. Na danna cirewa, alamarsa ta ɓace, na ɗauka an gama. Ashe hotunansa da wasannin da muka ajiye suna nan kwance, kuma in aka bar kwamfutar shiru ita da kanta take jawo hotuna tana nunawa. Ran Larabar nan Inna ba ta yi kuka ba. Ta tsince kifinta, ta ce, "Hidda shi duka, kak ka bar kututture. Addu'a nika son yi mai, ba hirgita ba."

Malaminmu na kwamfuta ya nuna mini inda ake dubawa. Akwai folda mai sunan gem ɗin a cikin takardu, wata a cikin hotuna, wata kuma a ɓoye sai ka ce a nuna ɓoyayyu, sannan kwandon shara, wanda in ba ka zubar ba komai na nan. Na yi ta bi ɗaya bayan ɗaya har idona ya yi yaji, ina gajiya da abin da ba ya cin ƙarfi. Hoton ne na ƙarshe. Na daɗe ina kallonsa, na goge, na zubar da kwandon. Inna ta samu barci. Hoton Yaya da ya rage mana shi ne na fasfo, inda ya ɗaure fuska kamar an yi masa laifi.

Yau wannan aikin nake ci da shi a wani ɗan shago a Yelwa. Yara su cika kwamfuta da gem har ta riƙa jan ƙafa, iyaye su kawo su ce a share tas, ni kuma in share, don hannuna ya saba. Na gaji da shi, wallahi. Amma duk wanda ya kawo, kafin in zubar da kwandon sai na juya masa allon na ce, "Duba da kyau, ba ya dawowa." Yawancinsu ko kallo ba sa yi. Inna ta tsufa yanzu, kuma bara ta tambaye ni a hankali ko hoton yaron nan mai dariya yana nan wani wuri. Na ce mata aikin na yi shi da kyau.