Ganyen da Baba Audu Ya Hana Ni Kai wa Awakinmu

Ranar wata Laraba ce, sati biyu da yin shuka, ina aji huɗu a firamaren ƙauyenmu da ke kusa da Gafasa. Da damina ta faɗi ake ɗaure awaki don kada su yi ɓarna a gonaki, sai ciyar da su ya dawo wuyan yara, a gidanmu kuwa ni ce mai wannan aikin. Ina dawowa daga makaranta na sha fura a tsaye, na ɗauki lauje da igiya, na nufi bakin fadama inda sabara da marke suka yi sabon toho. Sauri nake yi, don ƙawayena suna jirana mu yi 'yar carafke kafin lokacin Islamiyya. Awakinmu bakwai ne, ɗaya a ciki tawa ce, wata ja mai tsohon ciki da Inna ta ba ni.

Wari ne ya fara tarbata. Ina leƙawa ƙarƙashin wata sabara sai ga gada kwance ta mutu, cikinta ya kumbura, baƙin jini yana tsiyaya ta hancinta bai daskare ba. Manyan ƙudaje kore masu ƙyalli sun rufe ta, da na motsa reshe suka tashi duu, suka bazu kan ganyayen da ke kewaye. Na toshe hanci na matsa kamar taku goma, na ci gaba da yanka, domin nan ne ganyen ya fi kyau. Na ɗaure dami na ɗora a ka.

A hanya na haɗu da Baba Audu majemi, ɗauke da kwandon bagaruwar da yake jeme fata da ita. Gidansa ne na ƙarshe a gari, saboda warin ramukan jimarsa. Mu yara ba ma gaishe shi yadda ya kamata. In ya wuce sai mu toshe hanci mu yi ta ƙus-ƙus, shi kuwa bai taɓa waiwayowa ba. Ranar sai ya tsaya. "'Yar gidan Malam Isa, sauke kayan nan in gani." Ya sa kara ya juya ganyen, ya nuna mini wasu ƙananan ɗigo-ɗigo, wasu baƙaƙe, wasu ja-ja, kamar an yayyafa tawada. Ya tambaye ni ko na ga mushe, na faɗa masa yadda gadar take. Sai ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mini wani faffaɗan tabo a damtsensa. Ya ce da ƙuruciya ya feɗe wata saniya da ta mutu haka, wani baƙin gyambo ya fito masa, da ƙyar aka ceto shi a asibiti. "Ciwon saifa ne," ya ce. "Ƙuda in ya ƙoshi da jinin mushe, kan ganye yake zuwa ya amayar, ya yi kashi. Akuyarki ta ci, ba ta kwana biyu."

Ya ja ni majemarsa, ya sa na wanke hannu da kai da sabulu har sau uku, ya ce in na je gida a tafasa zanena. Kuka na yi ta yi, ba don tsoron cuta ba, don aikina ya tafi a banza, carafke ta wuce ni, Malam kuma zai ce na makara. Ina tafe ina zagin Baba Audu a zuci.

Kafin la'asar Baba Audu ya tattaro Babanmu da mai unguwa da wasu maza. Ya hana kowa taɓa gadar. Suka lulluɓe ta da itace suka cinna wuta, suka binne abin da ya rage a rami mai zurfi, sannan suka sassare duk reshen da ke kewaye, iya inda bakin akuya zai kai in ta yi ɗage, suka haɗa da damin da na yanko suka ƙone. Sai dai an riga an makara a gida ɗaya. Yaran Malam Sule maƙwabcinmu sun yanko ganye a wurin tun ranar Talata, ranar Alhamis kuwa awakinsa uku suka faɗi. Ya fito da wuƙa zai yanka ta ƙarshen kafin ta cika, ko a samu nama da fata. Baba Audu, wanda da fata yake ciyar da iyalinsa, ya zauna a bakin garken ya ce ba za a sa mata wuƙa ba sai dai a ɗauke shi. Suka yi cacar baki har aka daina gaisawa na wani lokaci, amma babu wanda ya ci naman. Bayan kwana biyu likitan dabbobi ya zo daga Gaya a kan babur ya yi wa dabbobin gari allura, ya ce tsohon ya yi daidai.

Awakinmu ba wadda ta yi ko tari. Jar akuyata ta haifi biyu a ƙarshen watan. Inna ta aike ni gidan Baba Audu da ƙwaryar fura, na durƙusa na ajiye, kunya ta hana ni yi masa godiya, na fita da gudu.

Yanzu ina zaune a Gaya da 'ya'yana. In na je gida, bakin fadamar nan duk ya zama gonaki, ba gada ba zomo, an cike ramukan jima an gina shagon cajin waya a kai. Dusa ake saya wa awaki a buhu, rigakafi kuma a rediyo ake sanarwa. Baba Audu ya rasu ina makarantar kwana, ba a ma gaya mini ba sai da na dawo hutu. Godiyar da ban yi masa da baki ba, a addu'a nake yin ta.