Magajiya a Bakin Tukunyar Kokona

Ni mai koko ce. A bakin tashar trotro, wato ƙananan motocin haya, da ke gangaren Zango nake zama, inda motocin Bantama ke lodi, kuma duk mai fitar safe ya san tukunyata da kaskon ƙosaina. Wurin nan ba ni da takardarsa, babu ma mai takarda a bakin hanyar nan. Zamanki shi ne shaidarki. Kin zo jiya, kin zo yau, to naki ne. Ki kuskura ki ɗauke ƙafa na ɗan lokaci, sai ki dawo ki tarar wata ta kafa tebur tana tambayarki me za a zuba miki.

Shekarar da mijina ya rasu, bayan zafin rashinsa, abin da ya hana ni sukuni ke nan. Ya bar ni da yara uku da ɗaki ɗaya a gidan haya, ga takaba wata huɗu da kwana goma a gabana. Malamin unguwarmu ya ce addini bai hana mai takaba fita da rana neman abin da za ta ci ba. Amma yayan mijina ya rantse cewa muddin yana numfashi, matar ƙaninsa ba za ta zauna a tasha tana wasa da direbobi ba tun kabari bai bushe ba. Wasa! Ni da nake tashi kafin kiran sallah ina tace gasara, wai wasa. Na so in wanke shi tas, maƙwabciyata ta danne ni. Ya gama ɗaga murya ya kaɗa rigarsa ya tafi, bai ce ga abin da yaran za su ci ba.

Muna da ƙungiyar mata a unguwa, mu ke girkin biki da suna, mu ke fitar da yayi, wato atamfar anko, idan za a yi taro. Shugabarmu, wadda muke kira Magajiya, dattijuwa ce 'yar tsohon gidan fataken goro, tana da kantin atamfa a babbar kasuwa, ta je Makka tun ina budurwa. Ba ta da yawan magana. Ranar sadakar bakwai, da mata suka watse, ita ba ta tashi ba. Kowa ya yi ta ce mini in yi haƙuri har kunnena ya gaji, ita kuwa sai ta matso ta ce, "Ɗiyata, wa ke zaune a wurin kokonki?"

Na ce, "Babu kowa, Mma." Sai kuka ya ƙwace mini. Na gaya mata matar da ke sayar da shinkafa da wake a gefena, wata 'yar Asante da muke kira Maame, har ta fara turo teburinta. Ban ga laifin matar ba, ita ma neman na bakin yaranta take yi.

Magajiya ta kira taro. Ban je ba, maƙwabciyata ce ta kawo mini labari. Ta roƙi matan a riƙa zama mini bi da bi har in fita takaba. Nan fa uzuri ya ɓarke. Wannan ƙafarta ke ciwo, waccan mijinta ba zai yarda ba, wata hayaƙi ke tayar mata da tari. Wata babbar Hajiya, mai son a san da zuwanta a kowane taro, ta ce a ɗauki yarinya aiki ta zauna, a huta. Magajiya ta ce yarinya ba za ta iya ba, da tsawa ɗaya za a kawar da ita, wurin nan sai fuskar da ake jin nauyinta. Ta dubi kowa, kowa ta dubi ƙasa. Ta ce, "To, tawa ce ta rage."

Washegari bayan sallar asuba na ji sallama. Na leƙa, sai ga Magajiya da tsohon zane da silifas. Wallahi na ɗauka mafarki nake yi. Muka tsara cewa ni zan dama koko in markaɗa wake a gida, a ɗora a taksi, ita ta zauna ta sayar, ta soya ƙosai.

Kai, ƙosan farko abin tausayi ne. Waje baƙi ƙirin, ciki ɗanye. Direbobi suka yi ta tsokanarta, wai Hajiya yau gawayi ake sayarwa? Ta dawo tana dariya, ta ajiye mini ragowar ta ce, "Duba ki gaya mini inda na ɓata. Kada ki ji nauyina, a wannan aikin ke ce babba." Ni kuwa ba a ba ni baki sau biyu. Na ce wutarta ta yi yawa, hannunta ya cika nauyi wurin sakin ƙullu, kuma ta daina cika wa masu daɗin baki leda har wuya. Ta saurara kamar 'yar makaranta. Kafin wata ya ƙare har wasu na cewa nata ya fi nawa, ƙarya suke yi, amma ta iya.

Maame kuwa, Magajiya ba ta yi faɗa da ita ba. Ta gaishe ta da yarensu na Twi, ta sayi abincinta ta ci a gabanta, ta tambayi lafiyar 'ya'yanta. Da kanta matar ta ja teburinta baya.

Ina jin mutane idan za a zaɓi shugaba suna lissafin asali da dukiya da iya magana a lasifika. Su yi ta lissafinsu. Ni na ga shugaba da idona. Ta tambayi abin da ke damuna kafin ta gaya mini abin da zan yi. Da aikin ya zama na zubar da girma, ba ta tura ƙaramar cikinmu ba. Ta yarda mai koko ta gyara mata kuskure. Kuma duk tsawon watannin nan ba ta taɓa shigowa ɗakina da fuskar wadda ake yi wa gori ba, alhali Zango ta ɗauka da surutu. 'Ya'yanta maza sun je har tasha suna roƙonta ta tashi. A gidajen biki matan wasu unguwanni na yi wa namu ba'a, wai ku ne masu Magajiya mai ƙosai? Duk wannan daga baya na ji, don ta hana a gaya mini.

Ranar da na fita takaba na yi wanka na nufi tasha. Wurina na nan, ko taku ɗaya bai ragu ba. Ta miƙe ta ba ni ludayi. A lokacin na lura da hannayenta, duk tabon mai, hannayen da a da lalle ba ya rabuwa da su.

Da ranar taro ta zagayo na shirya na je in yi wa ƙungiya godiya, ko da yake na san wadda ta cancanta. Ina shiga na ga babbar Hajiyar nan a kan kujerar shugaba, Magajiya kuwa tana kan benci cikin sauran mata. Na tambayi ta kusa da ni, ta raɗa mini cewa an sauke Magajiya tun tuni, wai ta zubar wa ƙungiya da mutunci.

Na tsaya a tsakiyar tsakar gidan na ce, "Sannunku da aiki! Da aka ce ku zauna mini, ƙafafunku ciwo suke yi. Ashe sun warke da aka tashi ƙwace kujera? Wane mutunci ta zubar? Yarana uku sun ci sun ƙoshi, ba su yi roƙo a ƙofar kowa ba. In wannan ne zubar da mutunci, Allah ya ƙara mana masu zubarwa!"

Hajiya ta ce in iya bakina. Na ce bakina na iya shi sarai, shi ya sa yake faɗin gaskiya.

Magajiya ta jawo gefen mayafina. Ta ce, "Zauna, ɗiyata. Wurin naki yana nan?"

Na ce, "Yana nan, Mma."

Ta ce, "To shi na je riƙewa."

Ban zauna ba. Ita kaɗai na durƙusa na yi wa godiya, na ɗauki takalmana na fita, kuma har yau ban koma ba. Idan waccan ta wuce ta tasha ina gaishe ta, don ba a haife ni da rashin kunya ba. Ina cewa, "Hajiya, ina kwana," iyakarta ke nan. Ta taɓa aiko mini wai in riƙa kiranta da sarautarta ta Magajiya kamar kowa. Na ce a koma a gaya mata ta zo da asuba da tsohon zane, ga kasko ga mai, in ta soya na gani sai mu yi maganar suna.