Talatar Araba Mai Banda

Duk mai sayen kifin banda a garin Moree na bakin teku ya san Araba, ko da ta bakinta ne, don ba a cinta a ciniki, ba a cinta a gardama. Tun tana goyon ƙanne take gaban murhu, hayaƙi ya rine mata farce, ya dushe mata murya. Abu ɗaya ya taɓa rufe mata baki, wato haihuwar ɗanta Ekow, da aka yi mata aiki ta zubar da jini har aka fid da rai. Likita ya ce in ta sake ɗaukar ciki kafin shekara biyu, da wuya ta kai labari.

Ta gwada allurar hana ɗaukar ciki, jini ya ƙi tsayawa. Ƙwaya kuma ta sa mata jiri a bakin wuta. Sai wata nas ta saka mata manhaja a waya, ta haɗa ta da tsinken awon zafi. Kullum da safe, kafin ƙafarta ta taɓa ƙasa, ta sa tsinken a baki, ta rubuta lambar da ya nuna. In wayar ta ba da kore, miji na iya kusantarta. In ja ne, a yi haƙuri.

Mijinta Kwamena a Sekondi yake su, ba ya zuwa gida sai Talata, ranar da ba a shiga teku. Shi da kororon roba kuwa ba sa ga maciji. Don haka duk Litinin takan tura masa hoton wayar. In kore ne, ya iso da kayan wanki da surutu. In ja ne, sai injin jirgi ya tashi neman gyara.

Da lokacin kifi ya kama, jirage suka riƙa sauka tun duku-duku, wadda ta tsaya awo sai ta tarar an rabe kifi. Araba ta riƙa zabura daga barci ta bar tsinken a kan matashi. Manhajar kuwa ba ta da kara, ranar da ba ta sani ba ja take bayarwa. Talata ta bi Talata, babu Kwamena.

"Wai tsakanin ke da wayar nan, wa ke auren Kwamena?" in ji Anti Mansa, mai murhun kusa da nata. "Ni tara na haifa, ba wanda ya sa mini tsinke a baki."

"Shi ya sa aka yi tara, Anti."

"To cike mata guraben mana. Waya ta san ƙarya? Rubuta mata abin da take so, mijinki ya zo ya ci tuwon dokunu."

Araba ta yi dariya, amma maganar ta zauna mata. Kewarsa take ji har cikin ƙashi, ba ma ta shimfiɗa ba. Ƙorafinsa kan barkono take kewa, da yadda yake suɗe kwanon bayan ya gama ƙorafin. Ranar Litinin da azahar ta raɓe bayan murhu, ta ƙirƙiri lambobi ta cike ranakun da ta tsallake. Fuskar wayar ta koma kore shar. Ta daɗe tana kallo, sannan maimakon ta tura hoton, ta kira shi.

"Baban Ekow, gobe ja ne," ta ce, idonta na kan koren.

"To, da ma injin nan..."

"Injin nan naka ya fi ni rashin lafiya. Ka zo kawai ka ci abinci. Ka kwana ɗakin ƙanenka in ka so."

Tana jin teku a bayansa.

"Araba, ni na wanke zannuwanki a asibiti. Na san kaina. In na gan ki, ba ɗakin wanda zan iya kwana."

"Mutum da girmansa."

"Ki dai riƙa aunawa, don Allah. Ko kifin zai wuce ki."

Ta goge lambobin ɗaya bayan ɗaya, ta koma juya kifinta.

Da asubahin Laraba ta ji ihun saukar jirage, ta ji mata na gudu da kwanoni ta bayan tagarta, har da muryar Anti Mansa tana kiran sunanta. Ba ta motsa ba. Tana kwance da tsinke a baki, hawaye na gangara mata cikin kunne, tana jira ya yi ƙara.