Batirin Kawu Bawa

Duk wanda ya taɓa shiga a-kori-kurar Kawu Bawa ya san ba a kunna mata fitila sai duhu ya kai mutum bai ganin tafin hannunsa. Oda kuwa, sai dai direba ya leƙo ta taga ya yi da baki. Ni ne direban, kuma ɗan ƙanwarsa, don haka na yi wa shanun hanyar Aliero ihu fiye da makiyayansu. Duk wannan don kada batir ya gaji. In mun dawo Jiga Birni da yamma, da kansa yake kwance shi, ya rungume shi zuwa ɗaki.

Ana haka surukinsa ya kawo masa ƙaramar talabijin mai baƙi da fari. Garin ba lantarki, sai ta zama wurin ajiye hula. Ba a daɗe da kafa jihar Kebbi ba, yaranmu 'yan ƙasa da shekara sha bakwai suka tafi gasar ƙwallo ta duniya a Japan. Dattawa suka yi gayya, har da Liman, suka zo roƙon batir don a kunna talabijin. Kawu ya gyara zama kamar an zo neman auren 'yarsa.

"Na yarda," in ji shi, "amma makunni na hannuna."

Wasan da hantsi ake nuna shi. Zaure ya cika, ƙwallo ta fita waje, sai ƙyas! Ya kashe.

"Haba Kawu!"

"Sun tahi ɗauko ta. In sunka dawo sai mu dawo."

Wani yaro ya faɗi yana riƙe da ƙafa, ya sake kashewa. Wai ba da batirinsa za a kalli ɗan mutane yana birgima ba.

Wata rana abokan karawa suka riƙe ƙwallo, ya ce ba zai ciyar da baƙi wuta ba. Muka zauna muna kallon baƙin gilashi, Liman yana jan carbi. Da ya kunna, sai ga yaranmu suna ta tsalle. Sun ci, ba mu gani ba! Zaure ya ɗauki salati. Kawu ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"To kun gani? Idonku na ka hana su."

Daga ranar ya ƙara yawan kashewa, don kishin ƙasa.

Ranar wasan ƙarshe da yaran Gana ta faɗo daidai da ranar da muka loda albasarsa ta ajiya, wadda ya yi ta tattali tun rani. Dole ta isa Jega kafin manyan motocin kudu su tashi, ga hadari ya haɗo ta gabas, kuma albasa ba ta shiri da ruwa. Batirin ma ya fara nishi. Kawu ya ce rabin wasa kawai za a gani. Aka yi ta ba shi baki, yana kunnawa yana kashewa, har aka busa tashi. Mun ci kofi! Mutane suka yi waje suna ihu, na durƙusa zan zare waya, sai ya riƙe mini hannu.

"Bari tukuna."

An nuno wani yaron Gana zaune a ƙasa, ya haɗa kai da gwiwa yana kuka, ba kowa kusa da shi.

"Kawu, albasa fa."

"Ɗan wanga ba shi da kowa can? Bari in ga wa ka tada shi."

Hoton ya fara tsukewa, ya koma kamar akwatin ashana, Kawu yana ƙara matsowa. Sai ɗif. Ba mu ga an ba da kofi ba, shi kuma bai ga an ta da yaron ba.

Mota ta ƙi tashi, kamar yadda kuka zata. Rabin garin ya tura ta cikin caɓi, Liman ya naɗe riga, ruwa ya sauko mana tun kafin mu hau kwalta. Motocin kudu sun tafi, albasa da yawa ta ruɓe. Na yi ta jiran faɗa, wallahi bai taɓa ta da maganarta ba. Abin da ya dame shi daban ne. A tashar Jega duk wanda ya ce ya ga wasan, sai Kawu ya ja shi gefe.

"Kai da kag gani har ƙarshe, an tada yaron nan?"

Ba wanda ya lura. Kowa kofi ya kalla.

Ina dariya in na tuna, amma kewarsa tana cina. Allah ya jiƙan Kawu Bawa, ya haskaka kabarinsa. Ranar da kowa zai zauna shi kaɗai ba mai waiwayarsa, ya Allah ka kama hannunsa ka tashe shi.