Wayar Shanya a Jikin Lemo

Kawuna aikinsa ke nan tun yana saurayi: yi wa bishiyoyi aure a lambun renon dashe. Ya yanko reshen mangwaro mai daɗi, ya tsaga ƙaramin dashe, ya haɗa, ya naɗe da leda. Ba shi da yawan magana, amma ka taɓa ɓawon bishiya da farce ka ji bakinsa.

"Kai, bari! Ran bishiya ba a tsakiya yake ba," in ji shi. "Ga shi nan ƙarƙashin ɓawo, ɗan kore-koren nan da bai kai kaurin takarda ba. Daga nan take ƙiba. Ka yanke shi zagaye, ka gama da ita."

To mutumin da ya san wannan, shi ne ya bar waya ta shaƙe lemon tsakar gidansa.

Matarsa, da muke kira Inna, ita ta ɗaura wayar don shanya, daga gindin lemon zuwa ƙusa a bango. Ta murɗa bakin da hannunta, murɗi biyu da ɗan lanƙwasa. A shekarar ta rasu. Lemon ya ci gaba da ƙiba, waya kuwa ba ta buɗewa. Ta fara nutsewa, ɓawon ya kumbura ta sama.

Na yi magana har na gaji. Ranar da na ga ganyen ya koma rawaya, raina ya ɓaci, na ɗauko filaya zan datse wayar.

"Ajiye," ya ce.

"Kawu, mutuwa fa zai yi. Ka fi ni sani."

"Na sani. Ita ta ɗaura."

Na ajiye, kunya ta kama ni.

Sai da rassa biyu suka bushe sannan ya fito da wuƙarsa. Lokacin hannunsa ya fara rawa, har an daina ba shi aikin aure a lambun. Ya yanko ƙananan rassa, ya fiƙe bakinsu, ya cusa kowanne ƙarƙashin ɓawo, baki ɗaya ƙasa da wayar, ɗayan sama da ita, su zame wa ruwan bishiyar hanya. Ya yanke yatsa, ya ɓata da yawa, ya sake. Wayar shanyar ya datse daga nesa, bai taɓa ƙullin ba.

Wasu suka kama. Da damina lemon ya yi toho, rassan da ya cusa suka yi kauri, suka manne da juna.

Kwanakin baya na same shi tsaye yana shafa wurin. Na ce, "Ka ga ya tashi, Kawu."

Ya ci gaba da laluben ɓawon da yatsunsa.

"Ya tashi," ya ce. "Amma ya rufe ƙullin. Tun safe nake nema."