Rijiyarmu ta Bayan Tasha

Lokacin da aka turo ni Nyanya, gefen sabon babban birnin tarayya, koyarwa a firamare, gwamnati tana Legas tukuna, kullum sai a ce tana nan tafe. Mu da muka riga ta isowa muka tare a ɗakunan langa-langa bayan tashar mota, leburori da 'yan kasuwa da ƙananan ma'aikata, kowa ya baro garinsu yana jiran wannan ya kafu.

A nan na haɗu da Alhaji. Bakano ne mai sayar da siminti da kwanon rufi a bakin titi, ni kuwa Bazazzagi, don haka tun ranar farko muka fara tsiya. Yana kirana bawansa, ina kiransa bawana, kamar yadda muka gada. In na taso daga makaranta shagonsa nake yada zango. Akwai wasu buhunan siminti da ruwan sama ya taɓa shiga suka daskare, ya jibge su a bayan shago. Su ne kujerata. A kansu nake zama muna cin gyaɗa, yana zagin Zariya ina rama wa Kano. Shi ya kai uwargidana asibiti a akori-kurarsa ranar haihuwarta ta fari, shi ya kama mini ragon suna. Ban da wani amini a garin nan da ya wuce shi.

A rumfar mai shayi muka fara zancen haɗa kai don taimakon unguwa. Ƙungiya muka so mu kira ta, wani Ibo mai kemis ya ce kulob ya fi daɗin faɗi, aka bar shi a haka. Tsarinmu ba shi da wuya. Asabar da safe aiki: mu yashe kwata, ko mu cike ramukan hanyar tasha, ko mu je dubiya asibiti. In wani ɗan ci-rani ya rasu babu kowa nasa, mu ne danginsa har kabari. Lahadi bayan la'asar kuma zama a gindin mangwaro, a faɗi abin da aka yi, a yi musu kan abin da za a yi, a tashi kafin magariba. Musun ya fi aikin yawa, gaskiya, amma aikin ma ana yi.

Babbar damuwar unguwar ruwa ne. Mata sai sun gangara rafi, rafin da ake wanki da wankin mota a cikinsa. Wani dattijon Bagwari ya ba mu gefen gonarsa, muka ɗauki rani guda muna haƙa rijiya, Asabar bayan Asabar. Ni dai ba zan yi ƙarya ba, jan igiya da ɗaukar kwanon sarki su ne nawa, don ramin yana ba ni tsoro. Alhaji kuwa sai ya tuɓe babbar riga ya shiga da diga. Shi ne a ƙasa ranar da ruwa ya ɓullo. Muka ji muryarsa daga can ciki:

"Bawana! Jefo kwano, ka sha alherin Kanawa!"

Aka zura masa kwanon shan mai shayi. Ruwan ya fito ja wur, rabinsa laka, amma muka sha, kwanon ya zagaya kowa. Daga ranar ya zama al'adarmu: ba a buɗe zaman Lahadi sai an ɗebo ruwan rijiya a wannan kwanon, an miƙa daga hannu zuwa hannu, Musulmi da Kirista. Ba mu rubuta sunan kowa a jikinta ba. Rijiyar kulob ake ce mata, kuma ko a tsakiyar bazara ba ta taɓa ƙafewa ba.

Sai gwamnati ta taso da gaske. Motoci suka cika hanya, kuɗin haya ya haukace, gari ya cika da masu kwat da ke tafe da fayil a hammata. Cikinsu akwai waɗanda suka saba da irin wannan kulob a Legas. Alhaji ya fara kai wa wasunsu siminti, suka ji labarinmu, suka ce ai sai a haɗe. Muka yi murna. Wa zai ƙi manya su shigo masa?

Kafin mu ankara zama ya tashi daga gindin mangwaro ya koma wani otal a Garki, ranar Alhamis da yamma. Aka kawo ƙararrawa da ake bugawa kafin mutum ya yi magana. Aka kawo wata sarƙa da shugaba yake ratayawa a wuya. Aka ce shugabanci shekara ɗaya ne, kuma ana auna kowane shugaba da yawan ayyukan da ya buɗe a shekararsa. Mai shayi ya je sau ɗaya, mai gadi ya tare shi a ƙofa saboda silifas, bai sake komawa ba. Ni na daure ina zuwa, in taso daga makaranta in yi ta kokawar mota a tasha. Kwanon ma na taɓa kai shi, da ruwa a jarka. Wani babban sakatare ya dube shi ya ce abin sha'awa ne ƙwarai, sannan ya tura mini kwalbar lemo.

Alhaji aka fara rataya wa sarƙar. Na yi masa tsiya, na ce dama bawa da sarƙa aka san shi. Ya yi dariya, amma ba irin wadda na sani ba, yana yi yana duban ko manya sun ji.

Aikinsa na farko shi ne rijiyarmu. Ya ce guga tsohon yayi ne, ga haɗarin yara, za a rufe bakinta da kankare a ɗora famfon tuƙa-tuƙa. Ni aka tura in shawo kan matan unguwa, don ni ne malamin 'ya'yansu. Na same su a bakin rijiya da hantsi. Matar dattijon da ya ba mu filin, tsohuwa ce mai faɗa, ta sauke tulunta daga kafaɗa ta ce:

"Malam, rijiya yana lafiya. Don me za ka rufe masa baki?"

"Mama, ba kashe ta za a yi ba," na ce. "Hula za a sa mata. Ruwan nan dai shi za ki ci gaba da sha, sai dai ba jan igiya."

"Kai ka ce?"

"Ni na ce."

Da wannan suka yarda. A gida uwargida ta ce ita dai guga bai taɓa yi mata gardama ba. Na ce mata ba ta san ci gaba ba.

Aka kewaye wurin da kwanon rufi, aka ce an ba ɗan kwangila. Wannan ne karo na farko da aka yi aikin kulob babu hannunmu a ciki. Na leƙa ranar Asabar da shebur a kafaɗa, wani mai gadi ya ce oga ya hana shiga.

Ranar buɗewa aka kafa rumfa, aka jera kujeru, mai hoto yana ta kai da kawo. Ga kankare sumul, ga famfo shuɗi, ga allo da sunan Alhaji baro-baro. Babban baƙo ya tuƙa, ruwa ya zubo fari tas, mata suka rangaɗa guɗa. Sai Alhaji ya karɓi lasifika ya ba manya labarin al'adarmu, ya ce a kawo kwanon. Ya tara da hannunsa, ya miƙo mini kafin kowa.

"Malam ne zai fara sha," in ji shi. "Da shi muka haƙa."

Na sha. Na ji ɗanɗanon ƙarfe, na ce sabon bututu ne. Idona ya kawo ƙwalla, na yi hamdala a lasifika, na sa masa albarka a gaban jama'a. Da aka ce in riƙe hannun famfon a ɗauki hoto, na lura da wani tabon walda a jikinsa, ya ɗan karkace hagu.

Mako bai zagayo ba famfo ya fara tari, ya koma fitar da iska. Wata safiya aka zo aka kwance shi, aka ce za a kai unguwar masana'antu ta Idu gyara. Aka bar mana kankare da allo.

Mata suka koma rafi. Masu hali suka koma sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa. 'Yata ta kwanta da ciwon ciki, ba ita kaɗai ba a layinmu. Hanyar makaranta ta zame mini aiki, don ta bakin rijiyar take bi. Tsohuwar nan ta daina amsa gaisuwata. In na ce "Mama, ina kwana," sai ta ce "Ina famfo?" Duk Alhamis ina tambayar Alhaji, duk Alhamis ya ce ana jiran wani ƙarfe daga Legas. Na yarda da shi. Mutumin da na gani da laka har wuya a cikin ramin nan, ta yaya zan ƙi yarda da shi?

Ana haka aka sanar da aikinsa na biyu, famfo a Jikwoyi. Na hau motar Karshi na je, don har lokacin ina ganin kaina ɗan kulob. Na sauka da wuri, na hango tankar ruwa tana fita daga bayan wata gona. Ban kawo komai a raina ba. Rumfa iri ɗaya, allo iri ɗaya, famfon dai kore ne. Da babban baƙo ya kama hannunsa zai tuƙa sai na ga tabon walda, ya ɗan karkace hagu. Fenti kawai aka sake.

Na ja Alhaji bayan rumfa.

"Wannan famfonmu ne."

"Bawana, ka bari a gama taro."

"Na ce famfonmu ne."

Ya waiga, ya rage murya. "Malam, ba ka gane yadda sistem ɗin yake ba. Shekara ɗaya gare ni, dole a ga aiki. In ogogin nan sun ga muna motsi za su ba mu babban furojek. Wallahi burtsatse zan yi muku, ta gaske."

Raina ya ɓaci, amma ko a nan ban fid da rai da shi ba. Na ce to, ya riƙe famfonsa ya yi ta yawo da shi. Mu za mu fasa kankaren ranar Asabar, mu koma wa gugarmu kafin burtsatsen ta iso.

Ya dubi takalminsa. Can ya ce, "Kada ku wahalar da kanku."

Na ɗauka girman kai ne, ba ya son a taɓa allonsa.

Ranar Asabar na tara tsofaffin 'yan kulob, mai shayi da mai kemis da sauran, da guduma da diga. Labari ya riga ya zaga, mata suka zo da bokitai suka yi layi tun kafin mu fara. Uwargida ta kawo sabuwar igiya. Ni kuma na zo da kwanon, don na yi niyyar in ba tsohuwar nan ta fara sha, mu shirya.

Kankaren bai yi wuyar fashewa ba, yashi ya fi yawa. Da muka ɗaga sai ga ganga, irin ta man fetur, a zaune daidai bakin rijiya, da guntun bututu a kanta. Ita aka cika da ruwan tanka. Ita na sha, na yi hamdala.

Muka ciccibe ta waje. A ƙarƙashinta babu rami. An cike rijiyar har wuya da jar ƙasa da fasassun bulo, don kawai ganga ta sami wurin zama. A saman tarkacen kuwa ga buhunan siminti daskararru, takardarsu ta koɗe. Na san su ɗaya bayan ɗaya. Har wanda gefensa ya ɓare, da nake jingina ƙafa a kai in muna cin gyaɗa.

Tsohuwar ta matso ta leƙa, ta daɗe tana kallo. Na jira ta zage ni, da ta zage ni da na ji sauƙi. Sai ta ɗauki tulunta ta ɗora a kafaɗa, ta kama hanyar rafi, sauran matan suka bi bayanta.

Mun gwada kwashewa. Asabar da yawa muna yi, amma nauyin abin da aka zuba ya riga ya karya bangon, da mun fitar sai gefe ya rufta. Ranar da ƙasa ta kusa binne mai shayi muka haƙura. Burtsatse kuma har na bar Nyanya ban ga ko alamarta ba. Ban sake taka otal ɗin ba, ba kuma wanda ya aiko a tambayi dalili.

Abin da ya fi ci mini rai ba yaudarar manya ba ce, su dama ba su taɓa shan ruwan ba. Shi ya san zurfinta, ya san inda dutse ya tare mu, ya san wace kusurwa ruwan yake tsattsafowa. Ya san duk wannan ya tura tifa. Sannan ya zaɓe ni cikin taro ya ba ni kwanon.

Bayan wasu watanni ina tsaye a tasha ina jiran mota, wata sabuwar marsandi ta tsaya a gabana. Gilashi ya sauka. Ya yi ƙiba, ya yi haske.

"Bawana!" ya ce, da muryar nan tasa ta cikin rami. "Shigo in rage maka hanya."

Shekarun da muka yi tare ban taɓa barin wannan kalma ta faɗi ƙasa ban rama ba. Na ga yana jira, bakinsa har ya fara shirin dariya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, na gode. Motata tana zuwa."